Malama Sa'adiyya da Masu Neman Aron Nafi'u

Mutanen Kazaure sun rabu biyu wajen sanin Malama Halima Sa'adiyya. Wasu da alli a hannu suka san ta, shekara talatin da 'yan kai tana koyar da 'yan aji uku, tana murɗe kunnen duk wanda ya rubuta baƙi a karkace. Wasu kuma ba su taɓa ganin fuskarta ba, sai dai sunanta a bangon littafi, wato Nafi'u Ɗan Ayari, na ɗaya har zuwa na bakwai. Waɗanda suka san inda littafin ya samo tushe ba su da yawa, su ma ɗin ba sa faɗa.

A Roni aka haife ta, a wani gida da ya jingina da dutse, inda tsofaffi ke hira da Fillanci yara na amsa musu da Hausa. Mahaifinta malamin asibiti ne, ya ga amfanin karatu, ya bar ta ta yi boko har makarantar horon malamai. Daga nan ta auri Malam Maikasuwa, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kazaure, mutum mai sanyin magana wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, aka raɗa masa Nafi'u.

To a gidansu, ɗan fari ba na uwa ba ne a idon jama'a. Alkunya ce ta gado. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, uwa uba ba ta kama sunansa. Ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Roni. In ya zo hutu sai dai ka ji ta ce, "Kai, zo nan," ko kuwa, "Ku kira min wancan." Abin har makaranta ya bi ta. An taɓa kawo mata wani ɗalibi mai wannan suna, shekara guda cur in tana kiran rajista ta iso kansa sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro ta ce, "Kai ɗan gidan mai shayi, kana nan?" Yara suka ɗauka tsanar sa ta yi, alhali shi kaɗai take rage wa bulala.

Yana da shekara goma sha shida, a bazarar da sanƙarau ya ratsa ƙasar nan, ya kwanta ranar Talata, ranar Alhamis da hantsi aka kai shi makwancinsa. Malama ta zauna zaman makoki idonta a bushe, kamar yadda aka san uwar ɗan fari. Mata suna shigowa suna cewa, "Kai, Sa'adiyya akwai dauriya, 'yar gidan mutunci ke nan." Ita kuwa wannan yabo ya fi mata maɗaci ɗaci. Abin da ke cin ta shi ne yaron ya zo duniya ya koma, kunnensa bai taɓa jin sunansa daga bakinta ba.

Bayan kamar shekara guda, wata rana an fita tara yara sun watse, ta ga wani littafin rubutu da aka bari ba a fara ba. Ta buɗe shi ba da niyyar komai ba, sai ta ga hannunta ya rubuta: Nafi'u ya tashi da asuba ya ɗora wa jaki mangala. Ta tsaya tana kallon layin, gabanta na faɗuwa kamar an kama ta da sata. Sannan ta tuna cewa baki aka hana, babu tsohuwar da ta taɓa cewa komai a kan hannu. Ta rubuta layi na biyu. Kafin a buga ƙararrawa yaron ya bi ayarin fatake ya bar duwatsun garinsu a baya.

Malam Maikasuwa ne ya tarar da littafin a ƙarƙashin sallayarta. Ya karanta shi tsaf, ya mayar inda yake, bai ce mata uffan ba sai bayan kwana biyu, suna cin tuwo, ya ce, "Wannan abin da kike rubutawa, ya kamata a buga shi." Shi ya riƙa ɗaukar rubutun a jakarsa ta ofis ya shiga motar haya zuwa Kano, a buga a na'ura, a yi bango, a watsa a kasuwa. Littafin ya karɓu. Matan aure suna karɓar haya a shago, 'yan makarantar kwana suna ɓoye shi cikin littafin lissafi. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Babura, daga Gwiwa, har daga tsallaken iyaka. Ƙorafin da ya fi yawa a cikinsu guda ne: "Malama, wai shi Nafi'un nan ko tuntuɓe ba ya yi ne?" Gaskiyarsu ce. Littafi bakwai, kibiya ba ta taɓa shi ba, zazzaɓi bai kama shi ba, bai taɓa yin ƙarya ba, bai ɗaga wa babba murya ba. Da Allah ya yi wa Malam Maikasuwa rasuwa sai ta ajiye biro, ta bar ayarin a zango bakin wata rijiya, ba ta sake komawa ba.

Shekaru sun ja, ta yi ritaya, ta koma kiwon 'yan awakinta da karatun Alƙur'ani. Sai wata Asabar da safe adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida, wani saurayi da ƙanwarsa suka sauko da kwali a hannu. Nuruddeen da Sadiqa ke nan, 'yan Kano, suna da ɗan shagon buga takardu su da abokansu. Tun mako biyu da suka wuce suka nemi izinin zuwa ta wayar Ummi Kulsum, 'yar Malama ta biyu, wadda ke aikin jinya a nan Kazaure. Ita kuma Malama ta aika wa yayanta Kawu Daudu ya taho daga Roni, don ba a karɓar maganar takarda babu namiji babba a wurin.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka gaisa har sau uku, aka sha kunun zaƙi. Nuruddeen ya durƙusa ya ce, "Hajiya, da littattafanki muka koyi karatun Hausa. Mahaifiyarmu har yanzu tana da su, bangon na huɗu ya yage ta ɗinke shi da zare. Izini muka zo nema, mu mayar da su wasa."

"Wasan kwaikwayo? An zo min da wannan tuni, na ce a'a."

"Ba na fim ba, Hajiya. Wasan zama ne. A inda aka ƙirƙiro shi a kan tebur ake yi, mu dai tabarma ta ishe mu."

Sadiqa ta buɗe kwalin ta baje kayan. Ga taswira, an zana duwatsu da zanguna da rijiyoyin da ke cikin littattafan, har da kukar da aljana ke sayar da nono a gindinta. Ga katuna, kowanne da hoton mutum guda da halayensa a rubuce. Ga kuma wata ƙwaya irin ta ludo, sai dai ita fuskokinta ashirin ne. Ta yi bayani a nutse: mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki kati ya zama wannan mutumin. Guda ɗaya shi ne mai jan labari, shi zai ce ga inda kuke, ga abin da ya tare ku. Kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwaya a ga ko ya dace.

Kawu Daudu ya ja ƙafarsa baya kamar ya ga kunama. "Ƙwaya? Ashe caca kuka kawo mana gida da sassafe."

Sadiqa ta ce, "Baba, ba a zuba komai, ba a cin kowa. Labari ne kawai ake haɗuwa a ƙirƙira."

"Haka ɗan caca ke cewa ranar farko."

Malama ba ta shiga wannan gardama ba. Idonta na kan kati guda, yaro da mangala a kafaɗa, an rubuta a ƙasa: gaskiya, haƙuri, ladabi. Ta ce, "Shi yaron, wa ke yanke abin da zai same shi?"

"Wanda ya ɗauke shi, Hajiya, sai kuma ƙwaya."

"In ƙwayar ta ƙi fa?"

Nuruddeen ya yi murmushi, don a ganinsa nan daɗin wasan yake. "Ai sai ya ji jiki. Yana iya karyewa, 'yan fashi na iya kama shi. In abin ya ɓaci ma yana iya mutuwa."

Ummi Kulsum ta sunkuyar da kai. Kawu Daudu ya shiga jan carbinsa da sauri. Nuruddeen bai lura ba, ya zaro takardar yarjejeniya ya karanta: littattafan suna nan nata, su aro kawai za su yi na shekara biyar, sunanta zai fito a kan kowane kwali, ba za su ƙara wani abu na rashin tarbiyya ba. Sannan ya fito da wayarsa. "Sai abu ɗaya, Hajiya, don talla. Mu ɗauki muryarki kina cewa, ni ce Halima Sa'adiyya, ga Nafi'u na ba ku. Shi ke nan."

Ta dubi wayar. Ta ce, "Ni ce Halima Sa'adiyya. Ga yaron nan na ba ku."

"Madalla. Sai dai a sake, Hajiya, ki ambaci sunan, don masu saurare su gane."

"Sun san shi."

"Duk da haka, Hajiya. Sau ɗaya tak. Na-fi-'u." Har da rarraba mata shi, kamar ita ce 'yar aji uku.

Malama ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce bari ta duba awaki. Ba wajen awaki ta nufa ba, ɗaki ta shiga ta saki labule.

Daga ciki tana jin komai. Ta ji Kawu Daudu yana cewa, "Ku 'yan birni, an ce muku kowane suna na baki ne?" Ta ji Ummi Kulsum ta sassauta murya tana ba su labarin yayanta, da bazarar sanƙarau, da abin da ya sa Inna ba ta taɓa karanta littafinta a bainar jama'a ba ko da an gayyace ta gidan rediyo. Ta ji Sadiqa ta ce innalillahi. Su a gidansu uwarsu Maman Nuruddeen ake kiranta, ita ma da bakinta take kwaɗa masa kira daga ƙofar gida. Sun san ana alkunya, amma a wajensu labarin kakanni ne.

Ta zauna a bakin gado tana juya maganar. Abu mafi sauƙi shi ne ta ce musu Allah ya ba da haƙuri, su kwashe kwalinsu. Shekara ashirin da wani abu tana tsaron yaron nan a cikin takarda, ba ta bar ko ƙaya ta soke shi ba. Yanzu ta miƙa shi ga waɗanda ba ta sani ba, a Kano da Kaduna da ko'ina, su jefa ƙwaya ya mutu suna dariya? Amma kuma taswirar nan ta tsaya mata a rai. Yaran sun karanta, ba karatun wasa ba. Har rijiyar da ta bar ayarin sun zana.

Da ta fito, Nuruddeen na durƙushe, idonsa ya yi ja. "Hajiya, ki yafe min, jahilci ne. Na ƙara layi a takardar da hannuna, ga shi. Shi wannan katin ƙwaya ba za ta taɓa shi ba, ba rauni ba mutuwa. In ma kin fi so mu cire shi gaba ɗaya."

"Tashi, ɗan nan, ba ka yi laifi ba. Ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ku yi wasan a gabana."

Aka yi cirko-cirko. Sadiqa ta zama mai jan labari. Nuruddeen ya ɗauki katin mai kula da raƙuma. Aka tura wa Kawu Daudu katin madugu, ya ce shi ba ya taɓa kayan caca, amma a ajiye a gabansa ba komai. Katin yaro mai mangala ya rage a tsakiyar tabarma, kowa na kauce masa da ido. Can Ummi Kulsum ta miƙa hannu. "Ni zan ɗauki Yaya." Shekararta goma lokacin da ya rasu.

Malama ta ce, "Da dokar da kuka zo da ita za a yi, ba da sabon layin ba." Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefe.

Sadiqa ta fara. "Kuna bakin rijiya, kwana biyu rabonku da ruwa. Ga wani ƙato da kulki, ya ce rijiyar ta ubangidansa ce, ba mai sha sai an bar masa jaki guda. Me za ku yi?"

Malama ta san abin da za ta rubuta a nan. Yaron zai matso ya yi sallama, ya tuna wa ƙaton cewa ruwa na Allah ne, ƙaton ya yi nadama ya miƙa guga.

Ummi Kulsum ta ce, "Zan je in zube in kwashi gaisuwa, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, ina yi ina matsawa. In ce masa ai tun daga Agadas muke jin labarin ƙarfinsa. Yana cikin jin daɗi in lallaba in ɗaure mazagin wandonsa a jelar jakin da yake so, sannan in tsikari jakin."

Kawu Daudu ya saki carbi ya buga cinya. "La'ilaha! Wallahi shi ne! Sa'adiyya, kin tuna abin da ya yi wa Sarkin Pawa a kasuwar Roni? Da akuya ya yi, ba jaki ba. Mutum na gudu yana riƙe da wando, ni aka sa na je ba da haƙuri, ina ba da haƙuri dariya na cin cikina!"

Ta tuna. Ta tuna an kawo mata ƙara har Kazaure, ta ɗaure fuska ta ce a zane shi. Ta tuna yadda yake kwaikwayon tafiyar hedimasta, da yadda ya sayar wa yaran unguwa toka a ƙunshi ya ce maganin cin jarrabawa ne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga littafi ba. Ta zauna tana kallon 'yarta, tana jin kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe.

"A jefa," in ji Sadiqa. "Ana neman goma sha biyu ko sama."

Ƙwaya ta gangara ta tsaya a kan huɗu.

Sadiqa ta ce, "Ƙaton ya ji ana taɓa shi. Ya juyo ya kai maka kulki a kafaɗa, ka yi baya, ƙafarka na bakin rijiya. Sai an sake jefawa. In bai kai takwas ba, ka faɗa."

Nuruddeen ya ɗora hannu a kan ƙwayar. "A tsaya nan, ai Hajiya ta ga yadda ake yi."

"Ɗauke hannunka," in ji Malama. "Ummi, jefa."

Uku.

Babu wanda ya yi motsi. Akuya ta yi kuka a bayan gida. Malama ta damƙe gefen kujerar.

Sadiqa ta ce a hankali, "Ya faɗa. Rijiyar gaba goma ce. Ruwa ya kai masa wuya, hannunsa ɗaya ba ya motsi. Yana da rai, amma ba zai daɗe ba. Sauran 'yan ayari, me za ku yi?"

"Me za mu yi?" Kawu Daudu ya zabura, ya naɗe hannun rigarsa. "Tambaya ma kike? Kai mai raƙuma, tsaya nan kana kallona kamar gunki! Tare min ƙaton nan. Ni kuma a ɗaura min igiya a ƙugu, a ɗaure ta a raƙumi, zan shiga."

"Baba, madugu tsoho ne fa, sai an sami goma sha huɗu."

"Uban wa ya tsufa? Ba ni abin nan."

"Yaya, ba caca ba ce?" in ji Malama, ita kanta ba ta san maganar za ta fito ba.

"Ke rufa min baki, yaro na cikin rijiya."

Ya karɓi ƙwayar da yatsu biyu, ya yi bisimilla, ya wurga ta da ƙarfi har ta bar tabarma ta shige ƙarƙashin murfin kwanon kunu. Duk suka rarrafa. Ummi Kulsum ta ɗaga murfin. Goma sha bakwai.

Aka kaure da sowa. Sadiqa ta ce an fito da shi, hannu ya karye, bakinsa kuwa bai mutu ba, yana fitowa ya ce wa madugu ai da ma wanka ya shiga yi. Ummi Kulsum na dariya hawaye na zuba. Malama ta ja gefen mayafi ta goge fuskarta, ba ta damu da wa ke kallo ba.

Da aka natsa ta ce a miƙo mata takardar da biro. Ta nemo layin da Nuruddeen ya ƙara ta ja masa layi biyu a kai.

Nuruddeen ya ce, "Hajiya, kin tabbata? Wata rana a wani wuri ƙwayar za ta ƙi, kuma ba za a sami mai shiga rijiya ba."

"Na sani. Na riga na ga irin wannan ranar, ba a wasa ba ma." Ta dubi katin yaron. "Ni na gwada tsare shi, littafi bakwai. Na tsare shi har ya zama wani yaron daban, ban ankara ba sai yau."

Ta jawo katin yaro mai mangala, ta soke haƙuri, ta rubuta tsokana a samansa da irin rubutunta na allo, baƙi a miƙe. Ladabi ta tsaya a kansa jim kaɗan, ta bar shi, ta ce yana da shi in ya ga dama. Sannan ta sa hannu a yarjejeniyar, Kawu Daudu ya sa nasa a matsayin shaida yana ƙunƙuni cewa shi dai har yanzu bai yarda da ƙwayar nan ba.

"Maganar murya kuma, Ummi ta yi muku. A bakina dai ba za ku ji ba, na tsufa a haka."

Nuruddeen ya fara tattara katuna yana godiya. Malama ta ce, "Ina za ka da su? Kun bar yaro da karyayyen hannu a tsakiyar daji."

Sadiqa ta duba taswira. "Hajiya, ai babu maɗori a nan kusa, ba ki rubuta ba."

"Akwai wata tsohuwa a zango na gaba, bayan kukar nan. Ban rubuta ta ba, amma tana nan, kuma ba ta da sauƙi, sai ya sha faɗa kafin ta taɓa shi." Ta sauko daga kujerar tana dafa gwiwa. "Yaya, matsa min. Ke kuma Sadiqa, yanko min farin kati."